Daɓen kicin a gidan da falonsa katako ne: wanne ya dace?

Tambaya ta zo daga wata Hajiya da ke zaune a GRA, nan Zariya. Ta ce falonta da ɗakin cin abinci duk daɓen katako ne tun ginin farko, katako mai ja-ja, bara aka kankare shi aka shafa masa mai, ya fito fes. Kicin ɗin yana manne da ɗakin cin abincin, ƙofa ɗaya ce tsakaninsu, tayil ɗinsa ya tsufa ya farfashe, tana so ta canza. Mai tayil ya ce ta sayi irin tayil ɗin nan mai zanen katako don su saje. 'Yarta kuma ta ce a ci gaba da katakon gaske har cikin kicin, kamar yadda take gani a hotunan gidajen Turai. Tana tambaya wanne za ta bi.

Wa'alaikumus salam Hajiya, sannu da ƙoƙari. Shawarata ita ce kada ki bi ko ɗaya daga cikin biyun. Ki sa tayil na fosilen, wato irin mai tauri wanda ba ya shan ruwa sosai, marar sheƙi, mai launi ɗaya wanda ya bambanta da katakon a fili, sannan ki kashe kuɗi da hankali a kan dokin ƙofar da ke tsakanin ɗakunan biyu. Katakon nan shi ne abu mafi daraja a ƙasan gidanki, kuma yau samun irinsa busasshe, da kafintan da ya iya shimfiɗa shi, ba ƙaramin aiki ba ne. Don haka babban aikin daɓen kicin shi ne ya tsare katakon daga ruwa. Kyau yana zuwa ne bayan wannan.

Bari in fara da shawarar 'yarki, don tana da dalili. A Ingila da Amurka ana shimfiɗa katako har kicin, kuma yana daɗewa. Amma kicin ɗinsu ba namu ba ne. Mu muna da durom ko jarkoki na ajiyar ruwa saboda famfo ba kullum yake zuwa ba, kuma duk ɗiban ruwa sai an ɗiga. Muna da firiza wadda idan wuta ta yi kwana biyu ba ta dawo ba ƙanƙararta ta narke ta malalo ƙasa cikin dare, ba wanda ya gani sai da safe. Muna soya da manja da man gyaɗa, muna jan tukunyar gas a ƙasa, wani lokaci a shigo da kurfoti idan gas ya ƙare. Yaran da ke aikin gida kuma sun saba wanke kicin ne da bokiti da tsintsiya, a kwara ruwa a share. Katako ba ya jure ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Ga kuma yanayin garinmu. Katako abu ne mai shan laimar iska yana kuma fitar da ita. A watan Agusta, lokacin da damina ta kankama, laimar iska a Zariya takan haura kashi 80 cikin 100, katako ya kumbura. A Janairu da Fabrairu, cikin hunturu, takan faɗo ƙasa da kashi 20 da rana, katako ya tsuke har ki ga 'yan ƙananan tsaga tsakanin falle da falle. Duk shekara haka yake yi, ya buɗe ya rufe. A falo wannan ba matsala ba ce. A kicin kuwa, tsagar da hunturu ya buɗe ita ce hanyar da ruwa da maiƙo za su bi su shige ƙarƙashi, inda ba tsumman da zai kai. Daga nan sai ruɓa, sai wari, sai gara ta samu abin da take nema, domin gara laima take bi. Idan ta kama katakon kicin ba za ta tsaya a bakin ƙofa ba. Ko da a ce babu duk wannan, sabon katako ba zai taɓa yin launi ɗaya da wanda ya shekara da shekaru yana shan haske ba. Madaci yana ƙara duhu da tsufa, iroko yana tashi daga rawaya-rawaya ya koma ruwan ƙasa. Za ki biya kuɗi mai yawa don su saje, su ƙi sajewa.

Shawarar mai tayil ita ce wadda na fi jin tsoro, don ita aka fi bi. Tayil mai zanen katako ba shi da laifi a karan kansa. A gidan da babu katakon gaske yana da kyau ƙwarai, har ina sa wa mutane shi. Laifinsa yana fitowa ne idan aka kwantar da shi gefe da gefe da na gaske. Kin san yadda atamfa 'yar asali take idan aka ɗinka riga da ita, aka yi zani da kwaikwayonta mai zane iri ɗaya: kowanne shi kaɗai ba a gane komai, amma a jiki ɗaya ido yana kamawa nan take. Haka abin yake a bakin ƙofa. Zanen tayil hoto ne aka buga, bayan 'yan falle kaɗan sai ya maimaita kansa. Faɗin fallensa ba zai zo daidai da na katakonki ba, layukan ba za su haɗu ba, yadda yake mayar da haske daban ne. Kuma katakonki zai ci gaba da canza launi, tayil ɗin yana nan yadda aka saye shi. Ko da sun yi kusa a ranar da aka gama aiki, bayan 'yan shekaru sun rabu. Wanda ya shigo zai ga kamar an yi ƙoƙarin faci ne bai yiwu ba, kuma abin takaicin shi ne na bogin yana rage wa na gasken kwarjini. Idan abu biyu ba za su zama ɗaya ba, gara a bar kowanne ya fito a matsayinsa.

To, wane launi? Nan sai ki dubi katakonki da kyau, da rana, ba da hasken ƙwan lantarki ba. Kin ce ja-ja ne, ke nan yana cikin launuka masu ɗumi. Abin da zai zauna da shi lafiya shi ne ruwan madara, ko launin yashi, ko ruwan toka mai ɗan karkata zuwa ruwan ƙasa. Ki guji ruwan toka mai shuɗi-shuɗi a cikinsa, irin wanda ake yayi yanzu, don kusa da jan katako sai ya sa katakon ya koma kamar ruwan goro, shi kuma tayil ɗin ya yi sanyi kamar na asibiti. Ki guji fari tas, domin jar ƙasar Zariya za ta bayyana a kansa da sawun ƙafa ɗaya a damina. Ki guji baƙi da duk mai duhu sosai, domin ƙurar hunturu fara ce, kina gogewa tana sauka. Matsakaicin launi mai ɗan dabbare-dabbare kaɗan, irin na dutse, shi ke ɓoye duka biyun. Kuma ya kasance ya fi katakon haske sosai, yadda daga nesa za a ga an bambanta su da gangan.

Zane kuma a bar wa katako. Idan naki irin ƙananan gutsattsarin nan ne da ake jerawa kamar saƙar tabarma, to ƙasan gidanki ya riga ya samu adonsa. Tayil mai furanni ko mai manyan jijiyoyin marbul zai yi gasa da shi ne kawai.

Kada ki yanke hukunci a shago. Hasken shagunan tayil an shirya shi ne don komai ya yi kyau. Ki sayi falle ɗaya-ɗaya na kala biyu ko uku, ko ki ba da jingina a ba ki aro, ki kawo gida ki ajiye su a daidai bakin ƙofar kicin, suna taɓa katakon. Ki dube su da safe, ki dube su da la'asar, ki dube su da dare da ƙwan da kike kunnawa, domin farin ƙwai da mai rawaya suna canza launi sosai. Ki kawo murfin kabad ɗin kicin ɗinki ma ki jingina a wurin. Sannan ki yi musu jarrabawa. Ki juya bayan fallen ki zuba ruwa cokali ɗaya: idan ya tsotse shi cikin ɗan lokaci ya bar tabon jiƙa, siramik ne na yau da kullum, idan ruwan ya tsaya a kai yana ƙyalli, fosilen ne. A ƙa'ida fosilen ba ya shan ruwan da ya wuce kashi 0.5 cikin 100 na nauyinsa, shi ya sa ya fi ƙarfi kuma ya fi dacewa da kicin. A fuskar fallen kuma ki ɗiga manja a gefe ɗaya, zoɓo a gefe ɗaya, ɗan kurkum da ruwa a wani gefen, ki bar su su kwana. Da safe ki goge da ruwan sabulu. Wanda ya riƙe tabo ki mayar da shi. Na ƙarshe, ki jiƙa shi ki taka da ƙafa ba takalmi, sannan da silifas.

Maganar santsi ba ta wasa ba ce. Tayil mai sheƙi kamar madubi, idan ruwan sabulu ko ɗigon mai ya hau shi, tarko ne, musamman a gidan da ke da tsofaffi ko mai juna biyu ko yara masu gudu. Na san gidajen da aka fasa sabon tayil aka sake saboda faɗuwa ɗaya. Idan kwalin yana da lambar santsi, ki nemi R10. R9 ya yi sulɓi ga kicin, R11 kuma ya fara kaushi har maiƙo yana maƙalewa a jikinsa yana wahalar gogewa. Idan akwai lambar PEI, wadda ke nuna juriyar fuskar tayil ga gogayya, ki ɗauki 4. Wannan ya fi muhimmanci fiye da ko na Sifen ne, ko na Indiya, ko na China, ko na gida Najeriya. A kowanne akwai mai kyau akwai na banza.

Akwai wasu zaɓuɓɓukan da suka cancanci a ambata. Tarazo, wato daɓen siminti da tsakuwa da ake gogewa da inji, wanda matasa ke wa kallon tsohon yayi, ni ina girmama shi. Ki shiga tsofaffin gine-ginen jami'a a Samaru ki ga yadda ya sha ƙafafu shekaru da dama yana nan. Ba shi da layukan da datti zai shiga sosai, ana iya sake goge shi da inji ya dawo sabo, kuma yana zama da katako ƙwarai don zamaninsu ɗaya. Matsalarsa biyu ce: aikinsa na ruwa ne da laka mai yawa, a gefen katakon da ba ya son ruwa, kuma tsakuwarsa ta marbul ce, tsami yana cin ta. Saboda wannan dalilin na biyu ne ma nake hana marbul a kicin gaba ɗaya. Lemon tsami, ruwan tsamiya, tumatir, duk suna dusashe fuskarsa, manja kuma ya shige shi. Giranait, wato irin dutsen Kufena idan an yanka an goge, yana da ƙarfi kuma tsami ba ya damunsa, sai dai tsada, kuma gogaggensa yana da santsi. Laminet, wato fallayen kwaikwayon katako, kada ma a kawo maganarsa, cikinsa garin katako ne da aka matse, ruwa na shiga gefensa yake kumbura. SPC, wato fallayen roba mai tauri da aka haɗa da garin dutse, ba ya jin ruwa, kuma siriri ne, milimita 4 zuwa 6, yana da amfani idan ba a son fasa tsohon daɓe. Amma yawancinsa zanen katako ne, mun koma matsalar farko ke nan, garwashi ko gindin tukunya mai zafi yana ƙona shi, ruwa kuma yana iya bi ta gefe ya kwanta a ƙarƙashinsa.

Yanzu ga inda aikin yake, wato bakin ƙofa. Yawancin katakon da na ga ya lalace a gidajen mutane daga nan ya fara: taku ɗaya ko biyu daga ƙofar kicin ko ta banɗaki, ya yi baƙi, gefunansa sun ɗago, wani ya saki gaba ɗaya yana motsi idan an taka.

Abu na farko, kada ki yarda a ɗora sabon tayil a kan tsohon. Mai tayil zai so haka don ya fi sauƙi, ke ma za ki ga kamar an rage kuɗi da ƙura. Amma kaurin tayil milimita 8 zuwa 10 ne, ga gam a ƙarƙashinsa, kicin zai tashi sama da katakon da fiye da santimita ɗaya. Daga ranar duk ruwan da ya zube a kicin ɗakin cin abinci zai nufa. A fasa tsohon a kwashe har a kai ga kankare. Tunda an buɗe ƙasa, a duba bututun sinki ko yana yoyo, a sa maganin gara, musamman ta gefen bangon da ke raba ɗakunan. Sannan a yi sabon daɓen siminti da lissafi daga saman katakon zuwa ƙasa, yadda idan an gama fuskar tayil za ta kasance ƙasa da katakon da kamar milimita 5, kuma ta ɗan gangara, kimanin santimita 1 a kowace mita, zuwa rariya ko ƙofar baya. A sa wa rariyar tarkon ruwa don wari da kyankyasai. Wannan gangarar tana shafar girman tayil ɗin da za ki saya. Mai santimita 60 da 60 ya fi kyau don layukansa kaɗan ne, amma idan kicin ɗin ƙarami ne kuma rariyar a tsakiya take, mai 40 da 40 ya fi bin gangara ba tare da gefuna sun ɗago ba.

Abu na biyu, dokin ƙofa. A yanko giranait falle ɗaya, kaurin santimita 2, tsawonsa faɗin ƙofar, faɗinsa kaurin bangon. A kwantar da shi daidai da saman katakon, a ɗan zaftare gefensa na ɓangaren kicin don kada ya ci yatsa. Launinsa ya fi duka biyun duhu, ko ya bi launin teburin kicin idan shi ma giranait ne. Wannan dutsen yana aiki uku: yana tare ruwa, yana raba launukan biyu yadda ido zai huta, yana kuma kare bakin katakon daga cin ƙafa. Idan ƙofar a rufe take, wanda ke ɗakin cin abinci bai kamata ya hango tayil ba.

Abu na uku shi ne wanda masu tayil da yawa ba su sani ba, don ba su saba aiki kusa da katako ba. Kada dutse ko siminti ya matse katakon. A bar tazarar milimita 8 zuwa 10 tsakaninsu, a cike ta da silikon mai launin katakon, ko a rufe ta da siririn ƙarfen tagulla wanda aka kafe a kankare, ba a jikin katakon ba. Idan aka cike wurin da siminti, damina na zuwa katakon zai nemi wurin buɗewa ya rasa, sai ya yi tozo a tsakiyar ɗaki ko ya tsaga abin da ya tare shi. Katako ya fi motsi ta faɗinsa fiye da ta tsawonsa, don haka idan gefen fallayen ne ke kallon ƙofar, tazarar ta fi zama dole. Lokacin aikin ma yana da tasiri. Idan a hunturu ake yi, katakon yana tsuke ne, a ba shi tazarar cikakkiya don zai buɗe. Ni na fi son a yi irin wannan aikin bayan ruwa ya ɗauke, daga Nuwamba, don daɓen ya bushe sosai kafin a rufe shi, sai dai a riƙa yayyafa wa sabon simintin ruwa a kwanakin farko saboda iskar hunturu tana busar da shi da gaggawa ya tsage.

Wajen kwantar da tayil ɗin, ki tsaya a kan abu biyu. A yi amfani da gam ɗin tayil na buhu, ba siminti zalla ba, domin fosilen ba ya shan ruwa, siminti ba ya kama bayansa da kyau. Kuma a baza gam ɗin ko'ina da cokali mai haƙora, ba a ɗiga shi a kusurwa huɗu da tsakiya ba. Bayan kwana biyu ki ɗauki makulli ki bi falle-falle kina ƙwanƙwasawa. Mai cikakken gam yana ba da sauti a dunƙule. Wanda ya yi ƙara kamar ganga akwai rami a ƙarƙashinsa, a cire shi a sake kafin ki biya cikon kuɗi, don shi ne zai fara fashewa ranar da tukunya ta faɗo. Tsakanin falle da falle a bar milimita 2 zuwa 3, a cike da abin cike layi mai launin toka ko launin tayil ɗin. Farin siminti a layin kicin wata uku ya yi yawa ya koma baƙi. Idan da hali, a gaban murhu da sinki a sa na ifoksi, wanda maiƙo ba ya shiga.

Ina roƙonki ki tsare katakon a kwanakin aikin. Ruwan siminti yana ƙona katako ya bar baƙin tabon da sai an kankare, yashi a ƙarƙashin takalmin lebura kuma yana karce man da kika shafa bara. A rufe ƙofar tsakiyar, a toshe ƙasanta, ma'aikata su riƙa shiga ta ƙofar baya. A shimfiɗa kwalaye a kan katakon da ke kusa, kada a bar leda a kansa kwana da kwanaki don tana tara gumi. Yankan tayil da kwaɓa siminti duk a tsakar gida.

Wajen saye, ki auna kicin ɗin ki ƙara kashi 10 cikin 100 saboda yanka da fashewa. Kwalin mai 60 da 60 yawanci falle 4 ne, wato murabba'in mita 1.44. Ki sa a duba lambar rukunin da ke jikin kowane kwali ta zama iri ɗaya, domin tayil mai suna ɗaya wanda aka gasa a rukuni daban yakan bambanta a launi, kuma ba a ganewa sai an kwantar. Kwali ɗaya ki ɓoye shi a sito. Bayan shekara biyu da wuya ki sake samun irinsa ko a Sabon Gari ko a Kano.

Sai turmi. Babu tayil ɗin da aka yi don daka, komai tsadarsa. Idan ana daka sakwara ko kayan miya a gidan, a ware wa turmi wurinsa a waje a kan daɓen siminti. Firiza da durom ɗin ruwa kuma a ajiye su a bangon da ya fi nisa da ƙofar ɗakin cin abinci, kusa da rariya, a kuma saba wa yara goge kicin ɗin da matsattsen tsumma maimakon kwara ruwa. Allah ya sa a yi aikin lafiya a gama lafiya.